Injiniyan Katako da 'Yar Kyanwar Inna

Riwayoyi daban-daban sun iso mini game da wannan al'amari. Ta mai abin na ajiye gefe, domin a bakinsa kyanwar ta kusa kai girman damisa. Ta yayarsa ma na bari, saboda har yau haushi bai sake ta ba. Wadda na amince da ita ita ce ta maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ga abin tun farkonsa daga ƙofar falo, kuma ba ta haɗa jini da kowa a gidan ba.

Mutumin kafinta ne, autan Inna. Tun ranar da ya gyara ƙofar wani ofis ya hana a kira shi kafinta, sai dai Injiniya. Mutanen layi suka cika masa, suka ce Injiniyan Katako.

Yayarsa, malamar makaranta, ita ta kawo wa Inna 'yar kyanwa a kwali don ta ɗebe mata kewa, tunda 'ya'ya sun watse sun bar ta ita kaɗai. Sharaɗin masu ita shi ne, in ba ta saba ba, a mayar da ita wurin uwarta. Inna kuwa tun kallon farko ranta ya kwanta da ita.

"A sa ta a ƙaramin ɗaki," in ji Yaya, "da ruwa da abinci da tiren yashi, a ja ƙofa. Za ta ɓuya. Kada kowa ya neme ta, da kanta za ta fito."

Injiniya ya tuntsire da dariya. "Haba Yaya! A kulle baƙo kamar mai laifi? Ni da na saita ƙofar da ta gagari maza, kyanwa ce za ta gagare ni? Kafin shayin Inna ya huce za ki gan ta a cinyarta."

Ya buɗe kwalin a tsakiyar falo, wai zai zaga da ita ɗaki-ɗaki ta san gida. Kyanwa ta dubi hannun nan mai kaushi kamar bayan kada, ta yi tsalle ɗaya, ta ɓace.

To, a ilimin kafinta, abin da ya shige cikin katako da ƙwanƙwasa ake gano shi. Gogan naka ya zazzage akwatin kayan aikinsa a ƙasa, ya tura akwatin zuwa bayan ƙofa, ya ɗauki guduma. Ya kara kunne a jikin kujerar kushin, ya buga.

"Ga ta nan! Na ji numfashinta."

Ya kifar da kujerar, ya farke yadin ƙasanta. Aka samu tsohon mataji da tabarau ɗin Inna da ya ɓace tun bara. Ba a samu kyanwa ba. Sarkin Guduma bai karaya ba. Ya ɓalle bayan durowa, ya cire ƙofofin kabad ɗin kicin, sannan ya nufi gado da sukudireba.

"Auta, gadon aurena ne fa," in ji Inna.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Abin da hannu ya kwance, hannu ke ɗaurawa."

"Hannun wa?" in ji Yaya.

Ana cikin haka aka ji wani siririn kuka. Injiniya ya ɗaga yatsa sama, fuskarsa cike da ilimi. "Silin!"

"Kyanwar da ko kujera ba ta hawa sai da dabara, ita ce ta hau silin? Kai dai Allah ya shirye ka." Yaya ta ɗauki kwalin. "Inna, ki yi haƙuri. Da ta fito zan mayar da ita, kafin tsoro ya kashe ta." Inna ta juyar da kai tana goge ido da bakin mayafi.

Shi kuwa tuni ya taka tebur ya shige ta ƙofar silin da tocila. Wajibi ne in rubuta cewa shi ya buga silin ɗin da hannunsa, kuma da katako mafi araha. Aka ji takunsa, aka ji "kis-kis-kis", sai aka ji ɓarak! Ƙafafu biyu suka ɓullo a saman falo suna lilo, ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Guduma ta yi shiru, gidan ya yi tsit a karon farko tun safe. Cikin shirun nan 'yar kyanwa ta leƙo daga akwatin kayan aikin da ke bayan ƙofa. Ta yi miƙa, ta lashi ruwan da Yaya ta ajiye mata, ta ratsa tarkacen katako a natse, ta kama zanin Inna ta haye cinyarta. Yaya ta ajiye kwalin a hankali.

"Jama'a, a kawo tsani!" in ji wata murya daga sama.

"Shhh!" in ji Inna. "Kada wanda ya motsa, ta fara barci. Auta, daure ka zauna a nan har ta saba. Tunda ka hau sama gidan ya yi mata daɗi."

Waɗanda suka halarta su ne Inna, da Yaya, da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, da mai gidan haya wanda ƙarar ta jawo, da ita kyanwar, sai Injiniyan Katako, wanda ya halarta daga ƙugu zuwa ƙasa.