Yadda Za Ka Kai Surukinka Gida da Rabin Tanki

Idan kana da motar nan ta zamani mai haɗa mai da batir, wadda ake kira haibirid, kuma kana da surukin da har yau bai yarda ka iya komai ba, gyara zama. Na yi maka alƙawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya za ka kai shi har ƙofar gidansa da rabin tanki, mutuncinka bai zube ba. An gwada an gani. Maƙwabcina Malamin Lissafi ne ya gwada, ni kuma na tattaro ilimin daga bakinsa da na matarsa, don ni ko keke ban mallaka ba, ƙwarewar ce kawai Allah ya ba ni.

Surukin Malam tsohon direban tirela ne, shekara arba'in ya yi a kan hanya. Shekara goma sha biyu ke nan da ya ba Malam 'yarsa, amma bai taɓa shiga motar da Malam ke tuƙawa ba, kuma a bayan ido "mai alli" yake ce masa. Abin yana ci wa Malam rai, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ga tsohon ya zo an cire masa yanar ido, ya yi mako uku yana jinya a gidansu, likita kuma ya hana shi jijjigar motar haya. Dole Malam ya mai da shi gida, tafiyar kilomita ɗari uku da ashirin.

Mataki na 1: Cika baki tun ba a tambaye ka ba

Ana gobe tafiya, ka jira sai kowa ya hallara a falo, sannan ka ɗauko takarda da biro. Haka Malam ya yi. Allon motarsa yana nuna lita ɗaya tana cin kilomita ashirin da biyar, a tanki kuma akwai lita goma sha takwas. Ya buga lissafi, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

"Baba, rabin tankin nan zai kai mu har ya yi saura. Ɗari huɗu da hamsin zai yi."

Matarsa ta ce, "Malam, me zai hana a cika tankin kawai hankali ya kwanta?"

"Ke dai bari. Lissafi ba ya ƙarya."

Tsohon ya gyara baƙin tabarau ɗin da likita ya ba shi, ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Wata shawara ta masana: kada ka kuskura ka tambayi kanka inda ashirin da biyar ɗin ta samo asali. A cunkoson cikin gari aka same ta, tsakanin makaranta da kasuwa, inda mota ke rarrafe da batir, injin yana hutawa, kuma duk birkin da ka taka yana mai da wa batir ɗan caji. A babbar hanya ba mai taka birki. In ka tuna wannan za ka rasa ƙarfin gwiwa, shi kuwa cika baki ba ya son tunani.

Mataki na 2: Wuce gidan mai na farko da fara'a

Akwai gidan mai a bakin gari, ba layi, ma'aikatan suna zaune suna hamma. Kada ka tsaya. Ka ɗan rage gudu yadda surukinka zai lura, ka ɗaga musu hannu kamar tsofaffin abokan da ka daina hulɗa da su.

Mataki na 3: Taka totur

Ka ɗauka cewa tsohon direba gudu ne ke burge shi. Ba sai ka tambaye shi ba. Da Malam ya ga titi ya miƙe sai ya danna ƙafa, allura ta haura ɗari da arba'in. Ya wuce motocin haya, ya wuce wata tirelar siminti har da yi mata ɗan ham na gaisuwa.

A nan ne motarka za ta nuna maka ɗayan halinta. A ƙaramin gudu iska ba ta kula ka, amma da ka matsa sai ta tsaya maka a gaba kamar ƙofar da aka tokare. In ka ninka gudu biyu, turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Injin da ke samun hutu a cikin gari yanzu ba shi da damar numfasawa, batirin da kake taƙama da shi kuwa ya koma ɗan rakiya, nauyinsa kawai kake ja. Duk wannan Malam ya sani, har ya taɓa koyar da shi a aji, amma ranar allin yana gida.

Tsohon ya kai hannu ya kama mariƙin da ke saman ƙofa, ya ƙanƙame shi. Malam ya saci kallo, ya ce a ransa lallai Baba ya ji hannun gwani.

Mataki na 4: In lambobi suka juya maka baya, rufe su da hula

Bayan kilomita ɗari da ashirin Malam ya dubi allo. Ashirin da biyar ɗin nan ta koma goma sha uku. Motar ta rubuta ƙarara cewa man da ya rage kilomita ɗari da sittin zai yi, allon bakin hanya kuma ya ce saura ɗari biyu. Ba sai mutum ya zama malamin lissafi ba kafin ya gane akwai arba'in da za a yi a ƙafa, da tsoho mai sabon ɗinki a ido.

Kada ka firgita. Cire hularka a hankali, ka rataya ta a kusurwar allon, daidai inda ma'aunin mai yake.

"Malam, zafi kake ji?" in ji matarsa daga kujerar baya.

"Kaina ne ke son shan iska."

Game da surukin, kada ka damu. Shekara da shekaru Malam ya san shi da lalube, ko lambar waya sai an karanta masa, ga kuma baƙin tabarau. Malam ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta.

Mataki na 5: Rage gudu, amma ka raɗa wa abin suna mai daraja

Ɗaga ƙafarka sannu a hankali har allura ta sauko saba'in da biyar, ka tsayar da ita a nan. Kada ka ce mai ne. Ka ce, "Bari mu bi a hankali Baba ya ga gonaki."

Sannan ka kashe esi mai sanyaya mota, don shi ma daga tanki yake sha. Malam ya ce likita ya yi gargaɗi sanyi ba ya yi wa ido kyau.

"Wane likitan? Ai ina wurin," in ji matarsa.

"Kin fita karɓo magani lokacin."

Ka sauke gilas faɗin yatsa biyu, kada ka wuce haka, iska za ta shigo ta riƙe motar. Daga nan sai haƙuri. Duk wanda ka wuce ɗazu zai zo ya wuce ka. Motocin haya suka wuce Malam, fasinjoji suna leƙowa ko lafiya. Can sai ga tirelar simintin nan ta taho tana nishi, ta jera da shi, direban ya mai da masa ham ɗinsa har sau biyu. Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, gumi yana bin bayan wuyansa. Da ya waiga gefe sai ya ga tsohon ya saki mariƙin ƙofa, ya ɗora hannuwa a cinya.

Mataki na 6: Ko gidan mai nawa ka gani, ba da kai suke ba

Uku za ka wuce, kowanne da inuwa da ruwan sanyi. Mai hankali zai tsaya ya ce, "Baba, na yi kuskure," ya sha mai a wuce wurin. Amma da hankali kake nema ai da ba ka kawo mataki na shida ba.

A na biyun matarsa ta ce, "Malam, tsaya nan mu sayi ruwa mana."

"Akwai ruwa a ƙarƙashin kujerarki."

"Ya yi zafi."

"Ruwan ɗumi ya fi lafiya."

Lokaci zuwa lokaci ka ɗaga gefen hular da ɗan yatsa ka leƙa. Abin mamaki, Malam ya ga motar ta fara sauya magana. Tazarar arba'in ta koma ashirin, ta koma goma. A kowane gangare yana ɗauke ƙafa gaba ɗaya, injin ya yi shiru, batir ya samu ɗan abin da ya samu. Bai taɓa sauraron mota irin na ranar ba, har numfashinsa yake ragewa a hawa.

Fitilar mai dai sai da ta kama, da 'yar ƙararta ta tona asiri. Ka shirya tari tun da wuri. Malam ya yi tari mai ƙarfi har sau uku, sannan ya kasa kunne ya ji ko wani zai yi magana. Abin da ya ji daga kujerar gefe minshari ne.

Mataki na 7: Karɓi yabo da sunkuyar da kai

Da la'asar sakaliya suka shiga layin gidan, motar tana tafiya da batir shiru kamar mage. Allo ya nuna man da ya rage kilomita huɗu kawai zai yi. Surukarsa ta fito tana cewa, "A'a, yaushe kuka iso? Ban ji ƙarar mota ba."

Tsohon ya farka, ya yi miƙa, ya dubi 'yarsa.

"Shekara arba'in ban taɓa runtsawa a motar da wani ke tuƙi ba sai yau. Mijinki direba ne."

Malam ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha biyu yake jiran magana irin wannan, kuma sai ta zo a ranar da ya san bai cancance ta ba. Daɗi da kunya suka haɗu suka rufe shi.

Da matan suka shige ciki da kaya, tsohon ya miƙa hannu ya zare hular daga kan allo, ya kaɗe ta, ya miƙa masa.

"Malam, ka manta abin da ya kai ni asibiti? Yanzu har ƙananan rubutun nan ina karantawa. Tun tana goma sha uku nake kallo."

"Baba, wallahi ni..."

"Bari. Ba direban da bai taɓa cika baki ba. Ni dai jira nake in ga ko ka san yadda ake ɗaga ƙafa. Da na ga ka sani, na ce to yanzu na iya barci." Ya ɗan rage murya. "Akwai galan ɗin man janareta a bayan ɗaki. Yi maza ka zuba kafin su fito, direba."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu in motarka ta mutu a tsakiyar daji, ko tirela ta yi maka dariya, ko ka tarar naka surukin ba ya rufa asiri. Ba ruwansa kuma in matarka ta ga komai ta gefen hular, kamar yadda matar Malam ta gani, don a bakinta na ji rabin labarin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Sannan ka sani nasarar tana da ɗawainiya: tun daga ranar tsohon ya ƙi shiga motar kowa. Duk wata sai Malam ya je ya ɗauko shi ganin likita ya mai da shi, a kan saba'in da biyar, yana minshari a gefe. Kafin su tashi kuwa sai tsohon ya leƙa ma'aunin mai da idonsa, sannan ya karɓi hular Malam ya riƙe masa a cinya.