Ranar da Na Zauna a Kan Buhun Toka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da wata safiyar Asabar da na zauna a kan buhun toka a gaban uwar ɗakina.

Shekarata bakwai ina kula da wutar tanderu a wani gidan burodi a unguwar Bulumkutu. Ni ke zuba itace, ni ke kwashe toka, da bayan hannu nake gane wuta ta yi daidai. Sai ga Modu, wani siririn Babarbare daga Old Maiduguri, ya zo aiki. Wata uku kacal Hajiya Falmata, mai gidan, ta fara waƙarsa. "Ku dubi yadda Modu yake jera itace." "Ku dubi yadda Modu ya kankare baƙin bututun hayaƙi." (Bututun da na shekara bakwai ina hango shi daga ƙasa ina cewa sai gobe.)

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya iya aikin. Ba ya sa ɗanyen itace, yana barin 'yar ƙofa tsakanin itatuwa don iska ta ratsa. Toka kuwa a durom ɗin ƙarfe yake zubawa, ya yayyafa ruwa, ya rufe. Wata rana ya ce mini, "Yaya, tokar darbejiya takan riƙe garwashi har kwana biyu." Na ce, "Modu, ni za ka koya wa toka?" Ya yi murmushi ya wuce. Murmushin nan ma haushi yake ba ni.

Ana haka Hajiya ta gina sabon tanderu a unguwar Mairi, ta ce ranar Asabar za ta zaɓi wanda zai riƙe shi a cikinmu biyu. Ni kam tuni na gaya wa matata nawa ne, ita kuma ta gaya wa 'yan'uwanta kaf.

Ranar na yi sammako, na ci sabuwar shadda da hular zanna, don in riga Modu share tanderu. Durom yana can ƙarshen fili, ga wani tsohon buhun fulawa kusa da ni. Na taɓa saman tokar na ji sanyi, na sa shebur na cika buhu. Ina ɗaure baki na ji keke napep ta tsaya a ƙofa. Hajiya ce, wadda ta hana zuba toka a buhu tun da Modu ya ba ta shawara. Ba lokacin gudu. Na jawo buhun jikin bango, na yafa masa tsohuwar tabarma, na zauna a kai na harɗe ƙafa kamar wanda ya gama aiki yana hutawa.

Ta shigo, Modu yana biye, ga mata masu sarin burodi sun jeru da farantansu. Ta leƙa tanderu ta gan shi tas, ta ce, "Madalla, Malam." Kaina ya kumbura. Na fara jawabi a kan shekara bakwai da kuma mutanen da suka zo jiya-jiya.

Sai na fara jin ɗumi daga ƙasa. (Wallahi da farko na ɗauka farin ciki ne.) Na gyara zama na ci gaba. Hajiya ta shinshina ta ce, "Me ke ƙauri haka?" Ni kuma, Allah Ya yafe mini, sai na juya na kalli Modu don ta ɗauka shi ne.

Modu ya zabura. Ya ɗauki bokitin ruwa ya sheƙa mini. Na yi tsalle na miƙe zan zage shi, sai na ji iska tana shiga inda ba ta saba shiga ba. Bayan wandona ya ƙone faɗin faranti, tabarma tana hayaƙi. Wata ta toshe baki da gyale, wata ta durƙushe don dariya. Modu ya cire jallabiyarsa ya rufe ni.

Hajiya ta ce, "Malam, ka gama jawabin?"

Modu aka ba tanderun Mairi. Daga baya Hajiya ta gaya mini da sunana ta fito daga gida a ranar, kuma Modu ne ya roƙe ta ta ba ni, wai na girme shi a aiki. Wannan maganar ta fi ƙunar zafi. Kwana huɗu ina kwanciya rub da ciki, matata tana shafa mini magani tana tambayata me za ta gaya wa 'yan'uwanta.

Kishin bai tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu toka sai durom, kuma ko a gidan biki aka ba ni wurin zama sai na fara taɓa shi da bayan hannu. Jallabiyar Modu tana nan a akwatina, har yau na kasa kai masa.