Aksil ɗin Injiniya Labaran

Duk wanda ya taɓa shan shayi a tasharmu ta Kwanar Ɗorawa ya san Labaran. In ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa, don tun daga bakin ƙofa take tarar mutum. Direba ne kamar mu, amma kada ka kuskura ka kira shi direba. Injiniya ne. Wa ya ba shi? Shi ya ba kansa, ranar da ya canja fulogi ɗaya motar ta tashi.

"Ni fa da kunne nake gyara," in ji shi. "Mota ta wuce a titi, in gaya maka ƙusar da ta kwance a cikinta."

Mu dai sai mu ce, "Haka ne, Injiniya." Wa zai ja da mai ilimi?

To, a tasharmu akwai layin da kowa ke haɗiyar yawu a kansa, layin Tungar Maƙera. Hanyar daji ce, sai jif mai jan ƙafa huɗu, kuma kullum motar cike take fal da mutane da buhuna. Motoci shida kawai ƙungiya ta yarda su bi ta. In gurbi ya samu, al'ada ita ce a ɗora wa mai nema buhu goma sha biyar na masara, ya hau wani hawan dutse da muke kira Sai-da-Addu'a. Wanda ya kai sama, layi nasa ne.

Bana gurbi ɗaya ya samu. Masu nema biyu: Labaran, da Baba Nomau, wani tsohon direba mai magana ƙasa-ƙasa. Jif ɗinsu iri ɗaya ce sak. Sai dai ta Baba Nomau wata uku tana zaune kan duwatsu, aksil ɗinta na baya ya karye, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi biyu yana juya su. Ya nemi wani har ya gaji bai samu ba. Kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Ka ga ke nan Labaran ba shi da abokin karawa. Da ya yi shiru ya hau da motarsa yadda take, da tuni an wuce wurin. Ina! Ai Injiniya ba ya cin nasara irin ta talakawa.

Ran nan sai ga shi da kura, ƙarti huɗu na turawa suna nishi. A kai wani jibgegen aksil ne da ya samo wajen 'yan gwangwan, na wata ƙatuwar motar masu haƙar rijiyar burtsatse.

"Ku matso ku ga ƙarfe!" in ji shi. "Wannan in na ɗaura, ba masara ba, dutsen kansa zan jawo muku shi tasha."

Baba Nomau ya tako a hankali, ya tsuguna, ya leƙa cikin tulun da ke tsakiyar aksil ɗin. Ya daɗe yana motsa baki.

"Labaran, ka ƙirga haƙoran cikin nan kuwa?"

"Haƙora? Baba, mota zan haɗa, ba akuya zan saya ba."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

"Ba daidai suke da na aksil ɗinka na gaba ba," in ji tsohon. "A kwalta ba za ka gane ba, don baya kaɗai ke ja. Ranar da ka sa giyar daji ƙafa huɗu suka kama, gaba zai so gudu, baya zai so tafiyar ƙasaita. Ɗaya sai ya karya ɗaya."

"Allah sarki, Baba! Mai mota kan duwatsu yau shi ke koyar da injiniyanci. Je ka kwashe ƙwan kajinka."

Baba Nomau ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Kwana huɗu ana walda, ana buge-buge, ƙwam, ƙwam, ƙwam. Da aka ciro tsohon aksil ɗin motarsa na baya, lafiyayye garau, Labaran ya sa aka ja shi aka wurga a bola bayan rumfar Tabawa mai tuwo.

Tabawa ta leƙo da ludayi a hannu. "Kai Labaran, bayan rumfata ce juji?"

"Yi haƙuri, Iya. Tsinken sakace ne na yar. Jama'a ku shaida, duk mai so ya ɗauka kyauta, ya sakace haƙori."

Muka shaida. Washegari ba tsinke a bola, kuma ba wanda ya damu ya tambaya.

Wayyo, da kun ga motar da aka gama! Tayoyin baya sun fito waje taku guda-guda, gindi ya ɗaga sama, hanci ya duƙa, kamar agwagwa na kiwo a kwata. Labaran ya sa aka rubuta mata a baya da jan fenti: SAI NI. Ya yi ta zagaye gari yana danna ham. A kwalta kam tana tafiya sumul, sai kan nasa ya ƙara girma, hularsa ma da ƙyar take zama.

Ranar gwaji tasha ta watse, kowa ya nufi gindin Sai-da-Addu'a. Har Tabawa ta rufe tukunya ta biyo mu. Ciyaman Hashimu, shugaban ƙungiya, yana cikin duba buhuna sai muka ji ƙugi daga baya, gur-gur-gur. Muka waiga. Jif ɗin Baba Nomau ce, da gashin kaza maƙale a madubi.

Labaran ya riƙe ciki don dariya. "Lahaula! Matattu sun tashi! Ciyaman, bar shi ya fara, in ya mace a tsakiya ni zan ture shi zuwa sama."

Ciyaman ya ce in duka biyu suka hau, wanda ya fi sauri shi ya ci.

Baba Nomau ya yi bisimilla, ya sa giyar daji, ya kama hawa. A hankali, a hankali, har wasu suka fara hamma. Amma bai tsaya ba sai da ya kai sama.

"Na ƙirga, har na yi gyangyaɗi sau biyu," in ji Labaran. "Ku buɗe ido, kada ku ƙifta, don in kun ƙifta kun rasa."

Ya shiga, ya gyara hula, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara. Ya cusa giyar daji, ƙarau! Ya taka wuta.

Taku goma na farko lafiya, don yashi ne. Tana taka dutse sai motar ta fara rigima da kanta. Gaba na fizga, baya na turjewa. Ƙiii! Ƙiii! Ta yi tsalle, ta dire, ta sake tsalle, Injiniya na ciki yana bugun rufi da ka.

"Saki wuta!" Ciyaman ya ƙwala ihu.

Labaran ya leƙo ta taga. "Ƙarfi ne ya yi mata yawa!" Ya ƙara takawa.

Ƙaaau!

Wallahi tsuntsaye sai da suka tashi. Farfela, sandar ƙarfen da ke kai wa baya ƙarfin inji, ta murɗe ta faɗo ƙasa, ƙwalalam. Baƙin mai ya tsiyayo. Motar ta sulalo da baya, faffaɗan gindin nan ya shige tsakanin duwatsu biyu ya cije. Buhu uku suka fashe. Ga SAI NI ɓaro-ɓaro tana kallonmu, ta toshe hanya, ba gaba ba baya.

Sai Tabawa ta ce, "Ai kuwa sai kai ɗin, ɗan nan."

Nan fa wuri ya ɓarke da dariya. Ciyaman har da zama a ƙasa.

Baba Nomau bai yi dariya ba. Ya gangaro da baya, ya ɗaura sarƙa, ya ja. Da buhunansa, da na Labaran, da Labaran ɗin kansa zaune yana riƙe da sitiyari kamar maraya, duk ya haye da su har sama.

Ciyaman ya ɗaga hannun tsohon. "Layin Tungar Maƙera na Baba Nomau ne!"

Labaran ya fito, hula a karkace. Amma hali zanen dutse. Ya zagaya motar tsohon, ya duƙa ya leƙa, ya gyaɗa kai irin na masana.

"Ba shakka. Ina jin ƙarar na san na waje ne. Baba, wannan aksil ɗin daga wace ƙasa aka kawo maka shi?"

"Daga bayan rumfar Tabawa," in ji Baba Nomau.

Labaran ya miƙe tsaye. Can da ƙyar, murya ta koma kamar ta sauro, ya ce, "To... ai Baba... ko za a duba... tunda nawa ne..."

"Kyauta ka bayar, gaban shaidu!" muka amsa baki ɗaya.

Baba Nomau ya laluba naɗin hularsa, ya zaro wani ɗan siririn tsinken tsintsiya, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo, Injiniya. Ka ba ni tsinke, na mayar maka da tsinke. Sai dai ka ƙirga haƙoranka kafin ka sa."