Alkawarin Mai Girma a Wayoyin Gidanmu

Yau da safe na goge Mai Girma da ɗan yatsana, kuma har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Bari in faɗa muku yadda aka yi, tunda ba ni da ofishin kai kuka sai wajenku.

Da rigimar rimot ta ishe ni a gida, sai na kira Gilbert mai gyaran talabijin. Ya haɗa mini wani ɗan akwati mai ɗaukar shirye-shirye ya ajiye, ya jona shi da wayfay ɗin gidan. Duk abin da akwatin ya ɗauka, kowa na iya kallo a wayarsa muddin yana kusa. Matata Mildred, malamar firamare, tana kicin da waƙoƙin Zumuntar Mata, ni ina falo da labarai. Maƙwabta ma na ba su lambar shiga, don a Kafanchan in ka yi rowa, ranar Lahadi za ka ji kanka a cikin wa'azi.

Cikin abin da akwatin ya ajiye har da ranar da Mai Girma Uban Alheri, Allah ya ƙara wa rigarsa faɗi, ya je ƙauyen maƙwabcina Silvanus. Ya dafa ƙirji a gaban kyamara, ya ce kafin ruwan farko za a gina gada a rafin da ya raba mutane da gonakinsu na citta. Damina biyu ke nan. Silvanus, wanda ya sha ɗaukar buhu a ka ruwa na kai masa ƙirji, ya mai da gindin katangata gidan kallo. Kowa ya zo wucewa sai ya miƙa masa waya ya ce, "Zo ka ji shi da bakin shi."

Magana ta kai sama. Sai ga Mai Ba da Shawara na Musamman da motoci uku, a makon da na yini a layin mai na dawo da jarkata wayam. Ya tattara wayoyi goma sha ɗaya ya tafi da su. Aka kafa kwamitin mutum bakwai, suka yi kwana uku suna lalube, da shinkafa da kaza. Ba su ga komai ba, domin waya in ta bar gidana ba ta ganin akwatin. Suka rubuta rahoto cewa an kawar da matsalar baki ɗaya. Ina jinjina musu, aikin gwamnati na farko ke nan da na ga an gama a kan lokaci.

Da aka dawo da wayoyin, Silvanus ya danna tasa a ƙofar gida, Mai Girma ya ci gaba da dafa ƙirji. Mai Ba da Shawara ya ja da baya, ya ce, "Wannan abu akwai hannun mutane a ciki."

"Babu hannu, Oga," in ji Silvanus. "Baki ne kawai, kuma na Oganka ne."

Jiya Mai Ba da Shawara ya sake zuwa shi kaɗai, wani ya riga ya yi masa bayanin akwatin. Ya sha kununa, ya yaba labulena, sannan ya ce, "Madam tana koyarwa, ko? Muna kan canje-canjen wurin aiki." Daga nan ya yi sallama.

Mildred saura shekara uku ta yi ritaya. Gwiwarta ta dama ba ta son tafiya, makarantarta kuwa minti biyar ce daga gida. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ita kam cewa ta yi, "Baban Ƙauna, kar ka goge saboda ni." Silvanus ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya ce, "Malam, in ka goge shi, mene zan nuna wa mutane?" Na kasa kallon idonsa. Na zaɓi gwiwar matata, na danna, Gilbert ya shaida wa Mai Ba da Shawara cewa an gama.

Da rana takarda ta iso. An yi wa Mildred ƙarin girma, ta zama shugabar makaranta, a ƙauyen Silvanus, a hayin wancan rafin. Na duba kwanan wata, ashe tun makon jiya aka sa hannu.

Muna zaune jugum sai ga labaran yamma: an ƙaddamar da gadar. Kyakkyawa ce ƙwarai, da fitilu da fenti, sai dai Silvanus da aka haifa a wurin ya ce bai taɓa ganin duwatsun da ke bayanta ba. Akwatina mai biyayya ya ɗauke ta tsaf. Yanzu akwai gada a falona, akwai a kicin, akwai a wayar kowane maƙwabci.

Na tambayi Gilbert ko wayfay ɗin zai iya kaiwa bakin rafi, ya ce da ƙyar yake wuce katanga. Don haka ranar Litinin Shugabar Makaranta za ta tattare zani, ta riƙe takalmi a hannu. Silvanus, wanda na ci amanarsa da safe, ya ce zai jira ta a bakin ruwa, shi ya san inda ba zurfi.