Na Miƙa wa Surukina Tafin Hannu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ni gaida iyayen mijina a Roni, ko da kuwa na yi jikoki. Yau kwana tara ke nan.

Surukina shi ne malamin ladabtarwarmu a sakandare. Shekara uku ina shan bulalarsa saboda makara (gidanmu yana bayan makarantar, don haka ba ni da ko uzurin nisa). Addu'ata ɗaya ce: kada ya gane ni. Ɗalibai nawa suka wuce ta hannunsa? Mijina ya ce in kwantar da hankalina, tun da Baba ya yi ritaya ya canza. Abin da bai faɗa mini ba shi ne, har yanzu ƙarfe bakwai Baba yake saka kaya masu guga, ya ɗaura agogo, ya yi ta safa da marwa a tsakar gida kamar mai jiran a buga ƙararrawa.

An ce mu zo ƙarfe goma. Motar da muka shiga daga Kazaure ta yi faci, ba mu iso ba sai sha ɗaya saura.

Muna sallama na hango shi tsaye, da tsumagiya a hannu. Na ja mayafi na rufe fuska, na durƙusa gefen gwaggona, ga dangin miji cike da rumfa. Ya dubi agogonsa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Amarya, matso nan. Miƙo hannu."

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na miƙa tafin hannu, na tallafe shi da ɗayan, na kawar da kai, na runtse ido, na ce da ƙarfi, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, yau ba laifina ba ne!"

Sai na ji wani abu mai sanyi a tafina. Kwalbar turare ce, kyautarsa ga amarya.

Rumfa ta kaure da dariya. Gwaggo ta ce, "Na shiga uku, ni 'yasu!"

Baba ya leƙo fuskata. "Wai Hadiza ce? 'Yar aji uku ta bayan makaranta?" Ya juya wajen matarsa, idonsa har da ƙwalla. "Hajiya, kin gani? Shekara biyu ina korar agwagin gidan nan da sandar nan, ko ɗaya ba ta tsorona. Yau ga wadda ta san ni."

Ya sa mini albarka, ya ce kullum in riƙa kiransa a waya muna gaisawa. Ƙarfe bakwai da rabi daidai.

Abin da na koya shi ne, gwamnati tana iya sallamar malami, amma ɗaliba babu mai sallamarta. Bari in tashi, bakwai da kwata ta yi.