Sunan da Na Sa Aka Rubuta a Goshin Motar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato ba, domin shekarar da kowa ya samu jiha ni kunya na samu.

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Kaura Namoda, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Sabuwar jiha tana neman ma'aikata, abokaina suna ta komawa ofis a Gusau, ni ma na ƙwallafa rai. Hanyata guda ce: Alhaji Mamman mai motoci, wanda ya yi ta zirga-zirga wajen neman jihar. Idan ya sa baki, an gama.

Ana cikin haka na tsinci wani littafi wurin mai tsofaffin littattafai a bakin tashar jirgi. Ƙagaggen labari ne da aka fassara zuwa Turanci daga harshen Sifaniya, a kan mutanen Kataloniya, wani yanki mai harshensa da tutarsa da ke neman cin gashin kansa. Jarumin, Ferran, yana tsaye gaban taro yana cewa harshen uwa ba ya sayuwa. Na karanta shafi talatin jikina na tsuma, sai na rufe. (Littafin ya fi shafi ɗari uku, kuma rubutun ƙanana ne.)

Ranar walimar murna a makaranta, Alhaji ne babban baƙo, ni kuma na roƙi a ba ni jawabi. Na ba da labarin Kataloniya kamar can aka yanke mini cibiya. Daga ƙarshe na nuna Alhaji na ce, "Jama'a, ga Ferran ɗin Zamfara!" Aka tafa, na miƙa masa littafin da hannu biyu.

Sunan ya bi gari. 'Yan kamasho suka ɗauka, direbobi suka ɗauka. Kafin sati biyu Alhaji ya sa an rubuta FERRAN NA ZAMFARA da jan fenti a goshin babbar motarsa mai zuwa kasuwar Shinkafi. Duk sanda ta wuce sai in gyara wuyan riga.

Abin da ban lissafa ba shi ne Malam Isa, aminin Alhaji, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, ba shi da aiki sai karatu. Kullum bayan La'asar sai ya karanta wa Alhaji babi guda yana fassarawa, majalisa na saurare.

Da aka aiko Alhaji na nemana, babbar riga na saka, har da turare. Na ɗauka maganar Gusau ce.

Na tarar da zaure cike. Na durƙusa na gaishe su, aka amsa a taƙaice.

Alhaji ya ce, "Malam, littahin ga da kab ba ni, ka karance shi duka?"

"Ƙwarai kuwa, Alhaji." (Allah Ya yafe mini.)

"To Isa, hwaɗa mai abin da munka ji jiya."

Malam Isa ya gyara tabarau, bai ko ɗaga murya ba. Ashe tun daga babi na huɗu marubucin ba'a yake yi wa Ferran. A dandali yana kuka kan harshen Kataloniya, a gida Sifaniyanci yake yi. Iyayensa ma baƙi ne daga kudu, canza suna ya yi. Ranar da manyan ƙungiyar neman cin gashin kai suka zo cin abinci gidansa, mahaifiyarsa ta fito gaishe su, da yake ba ta jin harshen sai ya ce musu mai aikin gidan ce.

Wani dattijo ya yi salati.

Malam Isa ya ƙara da cewa, "Kuma mai littahin da harshen Sifaniya yar rubuta, ba da nasu ba. Awa ka ba Basakkwace ya ba da labarin neman jiharmu. Wata ƙila su Kataloniyawan da nasu bayani, amma ba shi cikin wanga."

Alhaji ya dube ni. "Ni da Inna ke ɗakin da ad dab da nau, kullum sai na gaishe ta kahin in hita, ni kas sa ma sunan wanda yaƙ ƙi uwa tai? Har Jangeru an san sunan ga!"

Zufa ta jiƙa babbar rigar, turaren ya tashi ya cika zauren. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Da ƙyar na ce, "Alhaji, talatin na karanta."

Majalisa ta fashe da dariya, har Alhajin. Na fara murna a raina, ashe da sauran magana.

"Na yahe maka, Malam. Amma Gusau takardu a ka sa ma hannu. Wanda ka karanta shahi talatin ya miƙe ya yi jawabi, ban iya kai shi inda za ya sa hannu kan haƙƙin mutane."

A aji na yi ritaya. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka yi wa babban mutum kirari da sunan wani, ka bincika yadda wanin ya ƙare da mahaifiyarsa.