Igiyar Kitso a Jikin Jirgin Mahnur

"Wa alaikumus salam, Jija. Me ka ɗaure wa jirgina?"

Ko gama amsa sallamar ba ta yi ba ta hau shi da faɗa. Mahnur ke nan, autata. Ranar ce za ta tashi da jirgi ita kaɗai karo na farko, babu malami a gefenta, a ɗan filin nan na makarantarsu da ke bayan garin Multan. Abbansu ya so zuwa, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙofar gida ba ya kaiwa. Shi ya sa Tanwir, mijin yayarta Samrin, wanda take kira Jija, ya zo da wata kyamara ƙarama kamar kwalin ashana, ya ɗaura ta a ƙarfen da ke tokare da fiffike, don tsohon ya gani daga gadonsa. Tashin farko kuwa sau ɗaya ake yi. In ba a ɗauka ba, shi ke nan.

Ni ina gefe da carbina. Tun asuba shayi ma ya ƙi shiga.

Tanwir, mai kiranta Guddi, ya ce, "Jirginki? Guddi, wannan ai keken ɗinki ne aka yi wa fiffike. Motocin da nake wa fenti, tayarsu ɗaya ta fi shi nauyi."

"Motocinka da ke tafiya kamar amarya mai ciwon ƙafa? Matsa in gani."

"Gani dai, kar ki taɓa. Noti huɗu na sa, na bi da waya na murɗe. Ko jirgin ya wargaje, kyamarata za ta sauko lafiya."

Na ce, "Tanwir! Wane irin baki ne wannan?"

"Tuba nake, Ammi. Jirgin ma zai sauko. Direbar ce dai ban tabbatar ba. Yarinyar da ta shiga kwata da keke."

"Kai ka koya mini keken!"

"Kwatar kuma ke kika zaɓa."

Tana dariya tana shafa ƙarfen, sai hannunta ya tsaya. Ta jawo wani abu daga bayan kyamarar. Baƙar igiyar kitso ce mai tuntu, irin wadda direbobinmu ke ratayawa a bayan mota saboda kambun baka. An naɗe ta a ƙarfen, jelarta na lilo.

"Jija. Mene ne wannan?"

"Kariya. Mota ba ta fita garejina babu ita."

"Wannan ba mota ba ce! Ka san iskar da ke bugun nan wurin? Ta kwance ta shige inda bai kamata ba, kai za ka hau sama ka ciro?"

"Shekara goma sha biyar ina ɗaurawa, har Karachi suke kaiwa."

"A ƙasa! Cire ta."

"Ba na cirewa."

"Mai gashin baki kamar tsintsiyar masallaci, na ce cire!"

"Mai hanci kamar ƙugiyar rataye jaka, na ce a'a."

Suna cikin haka malaminta ya iso, Kaftin Jahanzeb, dogo, ba ya yawan magana. Ya dubi igiyar, ya dubi agogonsa.

Ya ce, "Na yarda da kyamara don an ce mini saboda mahaifinki ne. Ban yarda da tsumma ba. Ƙarfe tara iska za ta tashi, daga nan ba mai tashi. Minti biyar. In na dawo na ga abu yana lilo, a kwance duka, har kyamarar."

Ya juya ya tafi wajen masu zuba mai.

Mahnur ta rage murya. "Ka ji dai. Abba na can yana jira. Jiya da hannu ɗaya ya sa aka gyara masa matashi ya fuskanci talabijin. Kai za ka je ka ce masa babu?"

Tanwir ya sunkuyar da kai. "Na yi alkawari, Guddi."

"Wa ka yi wa? Aljanun gareji?"

Ko kallona bai yi ba, Allah ya yi masa albarka. Da na yi shiru, da haka zai tsaya ya sha zagin har a kwance kyamarar.

Na ce, "Tawa ce. Ni na ba shi, na sa ya rantse."

Mahnur ta ce, "Ammi!"

"Na sani. Allah ne ke tsarewa, ba zare ba. Amma haka uwata ta ɗaura wa keken shanun babana, haka na ɗaura wa babur ɗin Abbanku. Yau kuma in bar ki ki hau sama babu komai nawa a jikin abin?"

Tanwir ya ce, "Saura minti uku, kuma Kaftin ba shi da fuskar ƙari."

Na miƙa hannu na fara kwancewa. Ya yi mata ɗaurin direbobi, ƙulli kan ƙulli. Sai da ya sa haƙori. Tana fita na ce, "Juyo." Na ɗaga mayafinta na saƙa igiyar a cikin kitsonta, inda aka yi ta dominsa tun farko, na tura jelar cikin riga, na tofa mata Ayatul Kursiyyu.

Tanwir ya ce, "To, yanzu ta zama babbar mota sosai. Saura in rubuta mata a baya: a yi hon kafin a wuce."

"Kai kuma in rubuta maka a goshi: babu kaya a sama."

Kaftin ya dawo. Ya kama kyamarar ya girgiza da ƙarfi har jirgin ya motsa. Ya duba wayar da aka murɗe. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ya yi. Kunna ta ka matsa."

Mahnur ta cire takalmanta na gida masu zaren zinariya ta sa na tuƙi. Kafin ta ɗago, Tanwir ya sure su ya cusa a hammata.

"Jija, ba ni!"

"Ranar aurena wa ya sace mini takalmi, ya bar ni a tsaye da safa gaban mutane ɗari uku?"

"Al'ada ce!"

"Wannan ma al'ada ce, yau na ƙirƙiro ta. Ba na ba Ammi, ba na ba Samrin. Ki sauko da ƙafarki ki karɓa."

Ta dube shi, ta shige jirgi ta ja ƙofa.

Farfela ta fara juyawa. Ɗan abin ya gangara, ya yi gudu, ya rabu da ƙasa. 'Yata ce a ciki, babu kowa sai ita da Ubangijinta. Ina jan carbi ban san me nake faɗa ba. Sai na ji Tanwir ya kama mini gefen mayafi.

"Ammi. Na danna kuwa?"

"Ka danna me?"

"Maɓallin. In ta kama, jar fitila ke ƙiftawa. Na tuna na tsaya gabanta. Ban tuna na danna ba."

"Tanwir, kar ka kashe ni."

"Wallahi ban tuna ba."

Babu yadda za a tambaye ta, babu yadda za a tsayar da ita. Ya rungume takalman a ƙirji yana ta kai da kawo. Jirgin ya zama ɗigo, ya karkata ta kan gonakin mangwaro, ya ɓace mini, ya sake fitowa. An ce minti takwas ne. Ni dai na ga tsufana a ciki.

Da ta zo sauka, iskar ta fara. Fiffike ɗaya ya sunkuya. Taya ta taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, na ce, "Ya Hafizu!" Ya sake taɓawa, ya zauna. Na durƙusa a nan kan ciyawa.

Farfela na tsayawa, Kaftin ya ɗaga hannu, Tanwir ya kwasa da gudu. Ba wajenta ya nufa ba, wajen kyamara. Sai na ji ihunsa: "Tana ƙiftawa! Ammi, tana ƙiftawa!"

Mahnur ta fito abokan karatunta suka sheƙa mata bokitin ruwa, yadda suke wa duk wanda ya yi tashin farko. A jiƙe ta zo ta rungume ni, sannan ta fizge wayar salular Tanwir inda hoton ke fitowa.

Farkon abin ba sama ba ce. Hancin Tanwir ne ya cika fuskar wayar, da gashin baki yana rawa, ido jajir. Ga muryarsa a hankali: "Ya Allah, ka dawo mana da ita. Ba ta da kunya, amma ita kaɗai gare mu irinta." Ya share hanci da hannun riga.

Mahnur ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, hawaye na bin ruwan fuskarta.

"Guddi, a yanke wannan wurin."

"A yanke? Da shi Abba zai fara."

"Zan ba ki takalmanki."

"Dama nawa ne."

"To zan ƙara da kwanon halawa."

"Kawo halawar. Hancin dai yana nan."

Ya dube ni, na kau da kai. Sai ya durƙusa ya jera mata takalman a gabanta, yana dariya yana girgiza kai.

Ya ce mata, "Sa abinki, sabuwar Kaftin. Mu je gida, tsohon nan ya daɗe yana kallon talabijin babu komai a ciki."